Yadda ake tara rukunin gurabe a Excel da Google Sheets ba tare da jimilla ta yaudare ka ba

Ka ba kwamfuta 12 da 7, ko da tsakar dare ne, 19 za ta ce maka. Wajen lissafin kansa ba a kama ta da laifi. Ɓarnar tana shigowa ne wajen nuna mata abin da za ta tara: layi ɗaya ya zame daga cikin rukuni, ko lamba ta shiga sau biyu, ko a rubuta lamba amma manhajar tana kallonta a matsayin rubutu. A duk waɗannan, jimilla za ta fito fes, babu jan rubutu, babu gargaɗi, alhali ba daidai take ba. Shi ya sa rabin wannan jagorar fomula ce, ɗaya rabin kuma yadda za ka tabbatar abin da ka tara shi ne abin da ka yi niyya.

Mu daidaita kalmomi tukuna. Kowane ɗan akwati a takardar lissafi shi ne gurbi. Jerin tsaye mai harafi a ka, A, B, C, shi ne ginshiƙi. Jerin kwance mai lamba a gefe shi ne layi. Gurbin D5 yana nufin inda ginshiƙin D ya haɗu da layi na 5. Gurabe a jere daga wani wuri zuwa wani kuma zango zan riƙa kiransu, ana rubuta shi da ruwa biyu a tsakani, kamar D2:D9.

Ga teburin da za mu yi aiki da shi, na littattafan da ɗalibai suka ara daga ɗakin karatu a kwanaki huɗu na watan Maris 2025. Ka kwafe shi a naka shafin, kanun yana layi na 1:

| | A: Rana | B: Fanni | C: Aji | D: Adadi |
|---|---|---|---|---|
| 2 | 1 Maris | Kimiyya | Aji 1 | 12 |
| 3 | 1 Maris | Tarihi | Aji 2 | 7 |
| 4 | 2 Maris | Lissafi | Aji 1 | 15 |
| 5 | 2 Maris | Kimiyya | Aji 2 | 9 |
| 6 | 3 Maris | Tarihi | Aji 1 | 4 |
| 7 | 3 Maris | Kimiyya | Aji 1 | 11 |
| 8 | 4 Maris | Lissafi | Aji 2 | 5 |
| 9 | 4 Maris | Tarihi | Aji 2 | 10 |

Ranakun ka shigar da su da lambobi yadda kwamfutarka take karɓar kwanan wata, kada ka rubuta kalmar Maris da hannu, don za mu yi lissafi da su nan gaba.

Mataki na farko: zango ɗaya

Danna gurbin D10, ka rubuta =SUM(D2:D9), ka buga Enter. Za ka ga 73. Alamar daidai a farko dole ce, ita ke sanar da manhaja cewa fomula ce. Idan ba ka son bugawa, a Excel na Windows ka tsaya a D10 ka danna Alt tare da alamar daidai, shi zai rubuta maka fomular. A Mac kuma Command da Shift da T. Abin da maɓallin AutoSum mai alamar Σ yake yi ke nan.

Amma kafin ka buga Enter, dubi layin nan mai ɗigo-ɗigo da ya kewaye gurabe. Zato manhajar ta yi, kuma zatonta yana da halaye biyu da ya kamata ka sani. Idan akwai gurbi babu komai a tsakiyar ginshiƙi, a nan take tsayawa, ta bar duk abin da ke samansa. Idan kuma kan ginshiƙin lamba ce, misali ka rubuta 2025 a D1 a matsayin shekara, sai ta haɗa da ita, ka ga ɗalibai sun ari littattafai 2,098 a kwana huɗu.

Wasu sun saba da =D2+D3+D4 har zuwa ƙarshe. Amsar ɗaya ce a yau, gobe ce matsalar. Ka goge layi ɗaya daga ciki, fomular ta koma #REF!. Wani ya rubuta “babu” a gurbin lamba, ta koma #VALUE!. SUM kuwa tana tsallake rubutu, kuma zangonta yana tsukewa da kansa idan an goge layi a ciki.

In duba kawai kake son yi, ba sai ka rubuta komai ba. Zaɓi gurabe da maus ka kalli ƙasan allo ta hannun dama, jimillar tana nan. Excel da Google Sheets da LibreOffice Calc duk suna nuna ta.

Mataki na biyu: rukunoni da ba sa jere

A ce jimillar ranar farko da ta uku kawai kake so. Raba zangunan da waƙafi: =SUM(D2:D3,D6:D7), amsa 34. Da maus kuwa, rubuta =SUM( ka ja zango na farko, ka riƙe Ctrl ka ja na biyu. Excel yana karɓar har guda 255 a fomula ɗaya, ko da yake duk wanda ya wuce biyar ko shida ya kamata ya tsaya ya sake tsara teburinsa.

Idan manhajar ta ƙi karɓar fomular, ta yiwu kwamfutarka an saita ta a tsarin ƙasashen da suke amfani da waƙafi wajen raba lamba da ɓangarenta, kamar Faransa da Jamus. A can waƙafi mai ruwa ake sawa: =SUM(D2:D3;D6:D7).

Abubuwa biyu na cizo a nan. Na farko, zanguna masu hawa kan juna. =SUM(D2:D5,D5:D9) zai ba ka 82 maimakon 73, domin 9 da ke D5 ta shiga sau biyu, kuma babu wanda zai gaya maka. Na biyu, idan ka manta waƙafin ka bar fili a wurinsa, Excel yana ɗaukar filin nan a matsayin umarni: nemo inda zangunan biyu suka haɗu. Tun da D2:D3 da D6:D7 ba su haɗu a ko'ina ba, sai ka ga #NULL!. Wannan kam gara shi, ko ba komai ya yi magana.

Bakin zango, inda mafi yawan ɓarna take

Teburi ba ya zama yadda ka bar shi. Gobe za a ƙara ranar 5 ga Maris. Idan aka cusa sabon layi a tsakiyar zango, tsakanin na 4 da na 5 misali, fomular tana buɗewa da kanta ta zama D2:D10. Idan kuma a ƙasan layin ƙarshe aka ƙara, dab da jimilla, sabon layin yana waje da zangon. Wani lokaci Excel yakan lura ya miƙa fomular, wani lokaci ba ya yi, kuma ba abin dogaro ba ne.

Kada ka ɗauka sabon shiga kaɗai wannan yake kamawa. A 2010 masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da bincike kan alaƙar bashin gwamnati da bunƙasar tattalin arziki, wanda ’yan siyasa da dama suka kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibin Jami’ar Massachusetts Amherst, Thomas Herndon, ya samu takardar Excel ɗin da suka yi aiki da ita, ya ga zangon fomular ya tsaya layi biyar kafin ƙarshe. Ƙasashe biyar suka faɗi waje: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Tasu fomular ta matsakaici ce ba ta jimilla ba, amma ciwon ɗaya ne.

Hanyoyin kariya uku ne, kuma ni ta ukun na fi so. Ta farko, ka ɗauke jimillar daga ƙasan ginshiƙi ka kai ta gefe, misali G1, ka rubuta =SUM(D:D), wato ginshiƙin D gaba ɗaya, duk layuka 1,048,576 da shafin Excel yake da su tun sigar 2007. Kanun rubutu ne, za a tsallake shi. Sharaɗin shi ne kada fomular ta zauna a cikin D ɗin, in ba haka ba tana tara kanta da kanta, manhajar ta yi maka gargaɗin lissafi mai zagaye. Kuma kada wata jimilla ta saura a ƙasan ginshiƙin, don za ta ninka amsar. Ta biyu ta Google Sheets ce: =SUM(D2:D), daga D2 har ƙasa ba iyaka. Ta uku, a Excel ka danna cikin bayanan ka buga Ctrl da T, su zama teburi mai suna. Daga nan fomular za ta zama kamar =SUM(Table1[Adadi]), kuma duk layin da aka ƙara a ƙasa teburin yana haɗiye shi. Ga sauƙin karantawa: bayan wata shida ka dawo, “Adadi” za ta tuna maka abin da ka tara, D2:D9 kuwa sai ka je ka duba.

Mataki na uku: tarawa bisa suna

A nan ainihin aikin yake. Littattafan Kimiyya nawa aka ara? Za ka iya tsintar D2 da D5 da D7 da hannu, amma a teburi mai layi dubu biyu ido zai gaji, kuma da zarar an sake jera bayanan tsintarka ta tashi a banza. Bari manhajar ta nemo su da sunansu:

=SUMIF(B2:B9,"Kimiyya",D2:D9)

Karanta ta haka: duba cikin B2:B9, duk inda ka ga Kimiyya, ɗauko lambar da ke daidai da shi a D2:D9. Amsa 32. Zangunan biyu su fara a layi ɗaya, su ƙare a layi ɗaya. Idan ɗaya ya fara daga 2 ɗayan daga 3, kowane suna zai ɗauko lambar maƙwabcinsa.

Gara ka jera sunayen a gefe da ka riƙa buga su cikin fomula. Sa Kimiyya a F2, Tarihi a F3, Lissafi a F4, sannan a G2 ka rubuta:

=SUMIF($B$2:$B$9,F2,$D$2:$D$9)

Ja ta ƙasa zuwa G4, ka samu 32, 21, 20. Alamar dalar nan ƙusa ce, tana kafe zango kada ya motsa. Idan babu ita, da ka ja fomular layi ɗaya sai B2:B9 ya koma B3:B10, na gaba B4:B11, a hankali layukan sama suna zubewa. A teburinmu da Tarihi zai tsira, domin na farkonsa yana layi na 3, da Lissafi ma haka, kuma irin wannan sa'ar ce take sa mutum ya ɗauka fomularsa lafiya lau har ranar da aka sake jera bayanai. Maɓallin F4 yana sa dalar idan ka tsaya a kan zangon a cikin fomula. Gurbin F2 da ke cikin fomular kuwa a bar shi ba ƙusa, don shi muke so ya riƙa sauka.

Sharaɗi yana iya zama na lamba. =SUMIF(D2:D9,">=10") zai tara 12 da 15 da 11 da 10 ya ba da 48. Lura alamar da lambar duk suna cikin alamar zance. Idan iyakar tana wani gurbi, misali H1, ana haɗa su haka: ">="&H1. Wanda ya rubuta ">=H1" zai samu sifili, domin manhajar kalmar H1 ɗin take nema.

SUMIF ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami ba, KIMIYYA da kimiyya ɗaya ne a wurinta. Amma Kimiya mai y ɗaya wani fanni ne daban, haka k da ƙ haruffa biyu ne, haka kuma “Kimiyya ” mai fili a ƙarshe, wanda ido ba ya gani. Wannan na ƙarshen na taɓa ɓata kusan awa guda ina nemansa a teburin da mutum uku suka cike. TRIM tana share irin wannan fili: =TRIM(B2) a ginshiƙin gefe, ka ja ƙasa. Alamar tauraro ma tana taimako, "Kimi*" zai kama duk abin da ya fara da Kimi, sai dai ka tabbatar babu wani suna daban mai wannan farkon.

Idan sharaɗi ya wuce ɗaya

Kimiyya, amma ta Aji 1 kaɗai. Wannan aikin SUMIFS ne, wadda ta shigo Excel a sigar 2007:

=SUMIFS(D2:D9,B2:B9,"Kimiyya",C2:C9,"Aji 1")

Amsa 23. Dubi jerin da kyau, domin an juya shi: a SUMIF zangon tarawa shi ne na ƙarshe, a SUMIFS shi ne na farko. Saboda wannan ruɗanin ni na daina amfani da SUMIF kusan gaba ɗaya, ko sharaɗi ɗaya ne SUMIFS nake sawa, hannu ya saba da tsari ɗaya.

Tsakanin ranaku biyu kuwa, ginshiƙin rana ake kira sau biyu:

=SUMIFS(D2:D9,A2:A9,">="&DATE(2025,3,2),A2:A9,"<="&DATE(2025,3,3))

Zai ba da 39. DATE tana karɓar shekara, wata, rana, a wannan jerin a kowace kwamfuta, don haka ta raba ka da rigimar ko 2/3 na nufin 2 ga Maris ko 3 ga Fabrairu.

Sharuɗɗan SUMIFS dole duk su cika a layi ɗaya. Idan ka ce B ya zama Kimiyya kuma B ya zama Tarihi, sifili za ka samu, babu layin da yake duka biyun. Don tara fannoni biyu, haɗa fomula biyu da alamar tarawa, 32 da 21 su ba ka 53.

Rukuni na kowane layi bakwai

Wani lokacin rukunin ba shi da suna, ƙidaya ce kawai: bayanan kullum, kana son jimillar kowane mako. Za ka ga ana ba da wannan, a sa a layi na 2 a ja ƙasa:

=SUM(OFFSET($D$2,(ROW()-2)*7,0,7,1))

Tana aiki. A layi na 2 ta tara D2:D8, a na 3 ta tsallaka bakwai ta tara D9:D15. Amma ban cika ba da shawararta ba. OFFSET tana sake lissafi duk lokacin da aka taɓa wani abu a fayil, abin da ke nauyaya babban teburi, kuma rana ɗaya ta ɓace daga bayanan, duk makonnin da ke ƙasa sun goce.

Abin da ya fi shi ne ka ba rukunin suna da kanka. Buɗe ginshiƙin E, ka kira shi Mako, a E2 ka sa =INT((A2-$A$2)/7)+1. Kwamfuta tana ajiye kwanan wata a matsayin lamba, kowace rana ɗaya, don haka fomular tana ƙirga kwanakin da suka wuce daga ranar farko, ta raba da bakwai, ta yar da ragowar. Kowane layi ya samu lambar makonsa daga ranarsa, ko an tsallake rana, ko rana ɗaya tana da layi goma. Sai ka koma SUMIFS ka tara bisa ginshiƙin E.

Gurabe da aka tace ko aka ɓoye

Kunna Filter a kan teburin ka zaɓi Aji 2 kaɗai. Layi huɗu suka rage a allo, amma SUM tana nan a 73, domin ita ba ruwanta da abin da ido ke gani. Wanda yake son jimillar abin da ke bayyane ya rubuta =SUBTOTAL(9,D2:D9) a gurbin da tacewar ba za ta ɓoye ba, zai ga 31. Lambar 9 tana nufin tarawa. Akwai kuma 109: duka biyun suna barin layukan da aka tace, amma 109 tana barin har waɗanda ka ɓoye da hannu.

SUBTOTAL tana da wata baiwa: ba ta ƙirga ’yar’uwarta. Idan ginshiƙinka yana da ƙananan jimilloli a ƙarshen kowane rukuni, ka yi su duka da SUBTOTAL, babbar ma haka, sai ta tsallake ƙananan. Da SUM ce, amsar ninki biyu za ta fito.

Shafuka da yawa

Idan kowane wata yana da shafinsa, Janairu, Fabrairu, Maris, kuma jimillar kowanne tana G1, Excel yana karɓar =SUM(Janairu:Maris!G1). Duk shafin da ke tsakanin waɗannan biyun a jerin ƙasan allo ya shiga, wanda aka ja waje kuma ya fita ba sallama. Google Sheets ba ta da wannan, sai ka kira su ɗaya bayan ɗaya: =SUM(Janairu!G1,Fabrairu!G1,Maris!G1).

Idan jimillar ta fito amma ranka bai kwanta ba

Fara da lambobin da suka zama rubutu, musamman in daga intanet ko wata manhaja aka kwafo bayanan. Lamba ta gaskiya tana jingina dama a gurbi, rubutu yana jingina hagu, kuma Excel yakan sa ɗan koren alama a kusurwa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne =COUNT(D2:D9) da =COUNTA(D2:D9). Ta farko lambobi kaɗai take ƙirgawa, ta biyu duk gurbin da ba fanko ba. In sun bambanta, akwai abin da SUM take tsallakewa. Gyaran: zaɓi gurabe, danna alamar gargaɗin, ka zaɓi Convert to Number, ko ka yi amfani da =VALUE(D2) a gefe.

Sai abin da allo yake nunawa. Gurabe biyu masu 1.4 kowanne, in an saita su ba ɗigo, za su nuna 1 da 1, jimilla kuma 3, domin 2.8 ce a ciki. Idan lambobin da ake gani kake so a tara, sai ka bi kowanne da ROUND tukuna. Awanni ma suna da nasu: awa tara sau uku zai nuna 3:00, agogon ya zagayo bayan 24. Canza tsarin gurbin zuwa [h]:mm ka ga 27:00.

Gurbi ɗaya mai #N/A yana lalata jimillar duka. A Excel, tun sigar 2010, =AGGREGATE(9,6,D2:D9) tana tsallake kurakurai ta tara sauran. Ka yi amfani da ita bayan ka san dalilin kuskuren, domin gurbin nan wataƙila lamba ce ya kamata ta zauna a ciki.

Na ƙarshe, gurbin tantancewa, wanda ba na rufe fayil ban sa shi ba. A ƙarƙashin jimillolin fannoni, a G6 misali, rubuta =SUM(G2:G4)-SUM(D:D). Muddin ka goge jimillar da ke D10, sifili ya kamata ka gani, tun da 32 da 21 da 20 sun yi 73. Gwada shi yanzu: je B5 ka mai da Kimiyya ta zama Kimiya. G2 zai sauka zuwa 23 shiru, ba wani gargaɗi, amma G6 zai nuna -9, kuma 9 ɗin ita ce lambar da za ka nema a ginshiƙin D don gano layin da ya fita daga rukuninsa.